Tsofaffin gem: GOG ko Steam, wa ke gyara su?

Ɗan uwa kai da ka tambaya ko tsofaffin gem ɗin nan da ake sake sayarwa ta intanet ana musu gyara su hau Windows 10 da 11, ko yadda suke haka ake turo su, to ya danganta da inda ka siya.

GOG, shagon sayar da gem ta intanet, su gyaran sana'arsu kenan tun 2008, 'yan Poland ne. Gem na zamanin DOS, tsarin kwamfuta na kafin Windows ta yaɗu, sai su haɗa maka shi da DOSBox a ciki, manhajar da ke tada irinsu a sabuwar kwamfuta, kai dai ka danna ya tashi, ba ruwanka da wani saiti. A Nuwamba 2024 ma suka fito da wani shiri da gem 100, suka ce su da kansu za su ci gaba da gyara su ko da kamfanin da ya yi gem ɗin ya watsar. Amma fa gyaran nasu na ya yi aiki ne kawai, hoton yana nan na da, wani ma za ka ga baƙi gefe da gefen sikirin.

Steam kuma kamar kasuwar ƙauye ce, Valve, kamfanin da ke da Steam ɗin, ta ba da rumfa, abin da mai rumfa ya kasa shi za ka tarar. Wani kamfanin ya gyara, wani ko oho. Fallout 3 na 2008 shekara da shekaru mutane na fama da Games for Windows Live, wata manhajar Microsoft da ke maƙale a jikinsa, sai 2021 aka cire. Kuma ba duk afdet ne alheri ba wallahi, GTA San Andreas a 2014 afdet aka yi masa aka kwashe wasu waƙoƙin rediyon motar saboda lasisi ya ƙare, 2021 kuma aka janye na asalin daga Steam aka fito da wanda aka sabunta, Definitive Edition, shi ma ya fito cike da matsala.

Mu nan da sabis sai ka fita bayan gari, caji kuma sai shagon mai sola, ni GOG nake ba da shawara. Ka sauke instola, wato fayil ɗin saka gem ɗin, sau ɗaya ran da ka shiga Dutse ko Kano, ka zuba a filasha, shikenan ko ba data ka saka abinka. Steam dole sai manhajarsu, ita ma kanta kullum cikin neman afdet take, kuma tun 1 ga Janairu 2024 ta daina kula Windows 7 da 8, alhali laftop ɗin gwanjo da yawa a hannunmu su ne a kai.

In kuma sabon hoto kake so wannan daban ne, irin Age of Empires II Definitive Edition na 2019, yana Steam, an sake zana shi tas amma sai kwamfuta mai ɗan ƙarfi. GTA dai kar ka wahala nemansa a GOG, babu shi can.