Tudor Pelagos 39: Ƙirarsa da Yadda Sarƙarsa ke Zama a Hannu

An san agogon masu nutso da nauyi da kauri, har wasu na ganin in bai danne wuyan hannu ba, to bai cika agogon ruwa ba. Pelagos 39, wanda kamfanin Tudor na ƙasar Suwizalan ya fitar a 2022 da lamba 25407N, bai bi wannan layin ba. Faɗinsa milimita 39, kaurinsa 11.8, tsawonsa daga bakin kunnuwan sama zuwa na ƙasa, wato ƙahonnin da ake maƙala sarƙa a tsakaninsu, wajen 47. Yayansa, Pelagos na 2012, milimita 42 ne, ya haura 14 a kauri, yana jure zurfin mita 500, kuma yana da bawul ɗin fitar da iskar hiliyam. Ƙaramin an tsayar da shi a mita 200, aka cire bawul ɗin. Babu asara a nan. Bawul ɗin na masu aikin ƙarƙashin teku ne da ke kwana da kwanaki a ɗakin matsin iska, shi kuwa mai nutson nishaɗi iyakarsa mita 40. Ƙa'idar ISO 6425 ma mita 100 ta sa a matsayin mafi ƙarancin abin da agogon nutso zai jure.

Jikin da sarƙar na titaniyam ne mai daraja ta 2, kuma kusan duk abin da za a yaba ko a kushe a agogon nan daga wannan zaɓin ya taso. Dunƙulen titaniyam mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri giram 4.5 ne, na ƙarfen 316L da aka saba yin agogo da shi kuwa kusan giram 8. Ragin ya haura kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya saba da agogon ƙarfe, da ya ɗaga wannan zai ɗan yi turus, wani ma ya ce kamar na wasa. Bayan wuni guda a hannu ra'ayin kan sauya, domin nauyin da ba ka ji shi ne ba ya jan agogon ya gangaro kan ƙashin wuyan hannu duk lokacin da ka sauke hannunka. Yana kuma saurin ɗaukar ɗumin jiki, saboda ƙarfen da za a ɗumama bai da yawa. Ga masu fatar da ba ta shiri da nikel, akwai ƙarin riba: 316L na ɗauke da nikel kashi 10 zuwa 14, titaniyam mai daraja ta 2 kuwa ba a haɗa shi da nikel.

Farashin wannan sauƙin shi ne ƙarzuwa. Daraja ta 2 kusan zallar titaniyam ce, ta fi daraja ta 5 laushi, wadda ake gauraya ta da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4. Makullin sarƙar, da yake shi ke gogar tebur, shi zai fara nunawa, sai gefen kunnuwan. Da yawa daga cikin waɗannan tabon ba su shiga ƙarfen ba, fatar saman ce ta goge ta yi sheƙi, shi ya sa suke fitowa fili a kan launin toka mai duhu. Da yake duk jikin gogaggen satin ne ba mai sheƙin madubi ba, ana iya sabunta saman makullin da soson goge ƙarfe mai laushi, a ja shi layi ɗaya bisa yadda zanen asali ya tafi, ba a kewaya ba. Amma kowace guga ƙarfe take ci, kuma tana dusashe kaifin gefe. Wanda tabo ke hana shi barci, wannan ba agogonsa ba ne.

Fuskar baƙa ce, babu tagar kwanan wata, sai sunan Pelagos da aka rubuta da ja. Alamomin awa murabba'ai ne da aka zuba su dunƙule guda daga siramik mai haske, ba fenti aka ɗiga cikin ƙaramin kwanon ƙarfe ba, don haka suna tashi sama da fuskar suna yin 'yar inuwa. Allurar awa mai kusurwa huɗu a kai, wadda masu tara agogo ke kira Snowflake, tun 1969 Tudor ke amfani da ita, kuma tana da aiki: a cikin ruwa mai duhu ba za ka rikita ta da allurar minti ba. Da dare hasken shuɗi ne.

Abin da ya raba kan masoyan Pelagos shi ne ƙyalli. Fuskar babban Pelagos ɗin dusasshiya ce ƙirin, ba ta mayar da haske. A nan an yi wa fuskar da zoben siramik ɗin da ke kewaye da ita, wanda ake juyawa don ƙidayar mintunan nutso, guga mai bazuwa daga tsakiya, ta yadda a rana zoben kan koma ruwan toka mai walƙiya, fararen lambobinsa su ɗan ɓace a wani kusurwar. A ganina zoben ya fi ƙarfin fuskar a wannan wajen. Ado ne da aka ƙara don agogon ya shiga ƙarƙashin hannun riga ya je ofis, kuma ya ɗan rage masa kamannin kayan aiki. Juyin zoben kansa ba shi da makusa: taku 60, ɗaya ga kowane minti, yana faɗawa daram ba ya rawa. Gefe ɗaya kawai yake juyawa, saɓanin tafiyar allura, domin in ya bugu da wani abu a ƙarƙashin ruwa ya nuna lokacin da aka ɓata ya fi na gaskiya yawa, mai nutso ya fito da wuri maimakon ya makara.

Injin MT5400 ne, mai wana kansa da motsin hannu, yana bugawa sau 28,800 a awa, da gashin sifirin na silikon wanda maganaɗisu bai cika damunsa ba. In aka cika masa wani yana kai awa 70 a ajiye. Yana da shaidar COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, wadda ke yarda da jinkirin daƙiƙa 4 zuwa saurin daƙiƙa 6 a rana. Garantin shekara biyar ne.

Sai sarƙar, inda maganar take. Jeri uku ce, faɗinta milimita 21 a wajen kunnuwa, tana tsukewa zuwa wajen 16 kafin makulli. Wannan tsukewar ba don kyau kawai ba ce. Cikin wuyan hannu shi ne wurin da ke lanƙwasa, sarƙa mai faɗi a nan takan tokare tafin hannu in an tanƙwara shi. Kwatanta da Omega Seamaster Diver 300M na 2018, wanda sarƙarsa 20 take tun daga sama har ƙasa: mai ƙwari ce, amma kana sane da ita wuni zubur. Gaɓoɓin Pelagos sukuru ke riƙe su, ba fil da ƙaramin bututun da ke faɗuwa ƙasa ya ɓata ba, irin na agogunan Seiko da yawa.

Makullin shi ake kira T-fit. Tudor ta fara sa shi a Black Bay 58 na tagulla a 2021, bayan an daɗe ana ƙorafin cewa makullin Black Bay 58 na 2018 ramuka uku kawai gare shi, su ma sai da abin tsokano fil. T-fit na da matsayi biyar a cikin milimita 8, wato kowane taku milimita 2, ba a bukatar kayan aiki: a buɗe makullin, a ɗan ɗaga bakin sarƙar da ke cikinsa, a zame shi gaba ko baya har ya kama. Dalilin bukatarsa kowa ya san shi a jikinsa ko da bai auna ba. Wuyan hannu na kumbura da zafi, da motsa jiki, da cin gishiri, yana sacewa da sanyi. Sarƙar da ta zauna cif da safe tana iya barin shatar gaɓoɓinta a fata da yamma. Glidelock, irin wannan makullin na agogon Rolex Submariner, na ba da wajen milimita 20, ya ninka wannan fiye da sau biyu, amma ga kumburin yau da kullum 8 ta wadatar, da sharaɗi ɗaya: a rage sarƙar daidai tun farko.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata wa kansu agogon, sannan su ɗora laifin a kan makullin. Kafin a cire gaɓa ko ɗaya, a sa T-fit a matsayi na uku, na tsakiya, don a sami milimita 4 na sassautawa da 4 na matsewa. In aka rage sarƙar alhali yana ƙarshen matsewa, to ranar sanyi babu inda za a je. A yi awon da rana tsaka, hannu ba a kumbure ba kuma ba a sace ba. Agogon ya zauna bayan ƙashin wuyan hannu ta wajen gwiwar hannu, kuma ɗan ƙaramin yatsa ya iya kutsawa da ƙyar tsakanin makulli da fata. Da yake agogon ba shi da nauyi, yana yafe ɗan sako-sako fiye da na ƙarfe, don haka in ana shakka tsakanin taku biyu, a zaɓi mai sauƙin.

Abu na biyu shi ne gefen da za a cire gaɓoɓin. Ba murfin makullin ake dubawa ba, ƙarfen cikin da ke ninkewa ya kwanta a fata shi ake so ya zo tsakiyar cikin hannu. Galibi hakan na nufin ɓangaren sarƙar da ke wajen alamar ƙarfe 6 ya fi na wajen ƙarfe 12 gajarta da gaɓa ɗaya, a siririn hannu har biyu. In aka yi akasin haka, lanƙwasar ƙarfen za ta hau gefen hannu, ta riƙa tura kan agogon yana juyawa waje, kai kuma kana ta dawo da shi da ɗaya hannun. Wanda agogonsa ke yin haka, sau da yawa ba ƙarin matsewa yake bukata ba, gaɓa ɗaya zai ɗauke daga ɓangaren 6 ya mayar ɓangaren 12.

Wajen kwance sukurun, bakin sukundireban ya cika tsagin kan sukurun cif, faɗi da kauri. Ƙarami zai zame ya tauna tsagin ya kuma karce gefen gaɓar, titaniyam kuwa ba ya ɓoye irin wannan. A manna salatif a gefen kafin a fara. Akwai gam ɗin riƙe zare a bakin sukurun daga masana'anta, in ya ƙi motsi kada a yi masa ƙarfi, a ɗumama gaɓar da ruwan zafi ko na'urar busar da gashi na minti ɗaya ko biyu, gam ɗin zai saki. Wajen mayarwa a goge tsohon, a ɗiga ɗan mitsitsin mai ƙaramin ƙarfi irin Loctite 222 a ramin zaren, ba a jikin sandar ba, in ba haka ba zai malala cikin gaɓar ta sandare. A ɗaure a hankali, domin zaren titaniyam na da halin cije juna in an matsa masa. Bayan mako guda a sake duba kawunan. Sukurun da ya fara leƙowa waje shi ne mafarin faɗuwar agogo.

Makusar makullin tsawonsa ne. A cikinsa aka cusa T-fit da kuma ƙarin milimita 25 da ake warewa don a ɗaura agogon a kan rigar nutso, dole ya yi tsawo. A hannun da kewayensa ya kai santimita 17 zuwa sama yana kwanciya lafiya. A na santimita 15 zuwa 16 yakan cinye kusan duk faɗin cikin hannun, gaɓoɓin da suka rage a kowane gefe su yi kaɗan, sarƙar ta kasa zagaye hannun da taushi, ta yi kusurwa a inda ta haɗu da makullin. Abin mamaki, masu siririn hannu su ne milimita 39 ta fi ja, kuma su ne wannan zai fi shafa. Mafi yawan masu sayensa ba za su taɓa ware ƙarin 25 ɗin ba. Mai irin wannan hannun ya gwada Black Bay 54 na 2023 kafin ya yanke shawara, milimita 37 ne, shi ma da T-fit, sai dai na ƙarfe ne.

A cikin kwalin akwai maɗaurin baƙar roba, wanda ya fi dacewa da iyo. Sauyawa dai ba wasa ba ne: kunnuwan ba su da huda ta waje, sarƙar kuma ba ta da maɓallin cirewa da yatsa, sai da hantsaki mai baki biyu da ke matse fil ɗin da ke riƙe sarƙar a kunnuwan ta gefe biyu lokaci guda. Da tsinke mai baki ɗaya za a iya, amma bayan kunnuwan zai sha karce. Faɗin 21 ɗin ma na takura zaɓi, domin yawancin maɗaurai a 20 da 22 ake yin su. Kada a sa na 20 a ce ai milimita ɗaya ce: giɓin na barin maɗaurin ya riƙa zamewa gefe, yana iya kama kafaɗar fil ɗin ya ɓalle shi.

Bayan shiga ruwan teku ko na wurin iyo mai kulorin, a tabbatar maɓallin wani a ɗaure yake, a wanke agogon da ruwan daɗi, ana juya zoben a ƙarƙashin ruwan, a buɗe makullin a zame T-fit daga farko zuwa ƙarshe sau biyu ko uku. Gishiri da yashi a cikin layin zamiyar suke maƙalewa, su ne ke sa shi ya fara cijewa. Buroshin haƙori mai laushi da ɗan sabulu sun isa ga tsakanin gaɓoɓi. Wannan wankin na da muhimmanci ko ga wanda bai taɓa shiga ruwa ba, saboda ƙurar da ta cakuɗe da gumi a cikin gaɓoɓi ita ke cin sandunan a hankali har sarƙa ta saki ta yi tsawo. Mai nutso da shi da gaske ya kai a gwada masa matsin ruwa sau ɗaya a shekara, domin zobban robar da ke tare ruwa suna tsufa ko agogon na aiki lafiya lau.

An fara sayar da shi a kan dala 4,400 a Amurka, kuma farashin ya hau tun daga nan. A wannan kuɗin, mai hannu matsakaici da ke son agogon da zai ɗaura da safe ya manta da shi zai yi wuya ya sami wanda ya fi shi zama. Mai son jin nauyi, ko mai bukatar kwanan wata, ko wanda ke son ƙarfe ya daɗe yana sheƙi, ya duba wani. A kanti kada a tsaya kallon fuskar: a sa a rage sarƙar ko a riƙe ta daidai hannun, a juya tafin sama, a tanƙwara wuyan hannun gaba da baya, a ga ko bakin makullin na taɓa fata.