Kafin ki sayi shamfu a hunturun nan, juya kwalbar

Ranar da na raka ƙanwata wurin mai kitson unguwarmu a Birnin Kebbi, ana tsefe kalaba ɗaya gashi ya cika mataji, bakin kowane sili ya rabe biyu. Matar ta ce, "Ɗiyata, da me kike wanke kan nan?" Kwalbar da muka nuna mata hoton kwakwa ne ɓaro-ɓaro a gabanta, amma da muka juya bayanta, man kwakwar yana can ƙarshen layi.

Kayan haɗi bisa yawansu ake jera su, mai yawa a farko. Don haka sunaye biyar na farko za ki duba. Ruwa ne kan zo a gaba, sai abin da ke kawo kumfa, kuma nan ne maganar take. In kin ga Sodium Lauryl Sulfate, ki ajiye. Yana fitar da datti tas, amma har da maiƙon da fatar kai ke fitarwa yake kwashewa, kuma gashin da rilaksa ta riga ta ci ba ya jure wannan, balle ga iskar hunturu. Sodium Laureth Sulfate ya ɗan fi shi sauƙi. Wanda aka rubuta Cocamidopropyl Betaine ko Decyl Glucoside ya fi su duka taushi. Kumfarsa kaɗan ce, kada wannan ya sa ki zaci bai wanke ba.

Gilisarin da fantenol suna riƙe danshi a jikin gashi, ina son in gan su a sama-sama. Keratin kuwa na gashin da rini ko rilaksa suka lalata ne, yana cike gurbin da ya zaizaye na ɗan lokaci. In ya yi yawa gashi kan yi tauri ya riƙa karyewa, don haka ba na kowane wanki ba ne.

Man argan na Maroko yana da kyau, sai dai ni ba zan ƙara kuɗi saboda shi ba. Shamfu minti biyu yake yi a kai a ɗauraye, rabin man ya bi ruwa. Gara ki sayi shamfu mai taushi, ki shafa man kwakwa kafin wanki, domin yana ratsa cikin sili, sannan ki bi da man kaɗanyarmu tun gashin yana da ɗan lema.

Sabulun salo yana busar da gashi, ki bar wa jiki. Karkashi da iyayenmu ke jiƙawa kuwa har yau yauƙinsa yana warware gashin da ya cukurkuɗe.

A kasuwa ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma guji wanda ake ɗurawa a gorar da ba rubutu, tunda babu abin da za ki karanta a bayanta.