Na Sa An Yanka wa Sifikun Motata Mazauni: Yadda Ya Kasance Bayan Damina Guda

Motata Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano, kuma tun ranar da na saye ta sifikar murfin direba take fama da mura. In mai karanta labarai ya yi sallama, sai ka ji kamar ƙudan zuma ya faɗa gwangwani. Na yi ta lallaɓawa kusan shekara biyu, har ranar da na ɗauko yayana daga tasha na kunna masa wani tafsiri da na ajiye a waya. Ya saurara jim kaɗan, ya dube ni ya ce, "Kai, Malam ne ya shaƙe haka ko motarka ce?" Washegari na shiga Sabon Gari na sayi sifiku biyu masu inci 6.5, na dawo ina murna magana ta ƙare. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Sai da aka ɓalle rigar murfin na ga inda gizo ke saƙa. Sifikar da ta zo da motar ba da sukuru aka ɗaure ta ba. Ita da mazauninta abu ɗaya ne na roba, mai kunnuwa uku, an kafe shi a jikin ƙarfe da ribit uku, sai an sa injin huji an cinye kawunansu kafin ta fita. Sabuwar kuwa zagayayya ce mai huji huɗu, babu ko ɗaya da ya haɗu da na motar. Wato dole a sami wani abu a tsakani, wanda bayansa zai dace da murfi, gabansa ya dace da sifika. Masu sana'ar suna ce masa biraket, wasu su ce zobe. Ni mazauni nake ce masa, don aikinsa ke nan.

Riwayan da na fara kai wa bai ga abin damuwa ba. "Oga, ai haka muke yi wa kowa," in ji shi. Ya huda ƙarfen wuri biyu, ya ɗaure sifikar kai tsaye da sukuru mai cin ƙarfe, inda ya rage fili ya cusa kwali. Ban bar layin ba na sauke gilashi, na ji ƙwas! Gilashin ya daki mayen ƙarfen da ke bayan sifikar ya tsaya, saura kamar yatsa uku bai gama shigewa ba. Dalili kuwa, mazaunin asali yana turo sifika ne zuwa cikin mota, ya janye ta daga hanyar gilashi. Da aka manna ta a ƙarfe sai gindinta ya nutse can ciki.

Sautin ma ya fi ba ni haushi. Mura ta warke, amma muryar ta zama siririya kamar ta rediyon aljihu. Daga baya na fahimci abin da ya jawo. Fatar sifika tana tura iska gaba, a lokaci guda tana zuƙo ta ta baya. In akwai kafa a gefenta, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, su kashe juna, kuma sauti mai kauri shi yake fara mutuwa. Kamar zugazugin maƙeri ne da ya huje: yaro na ta matsawa, gumi na zuba, wuta ba ta tashi.

A karo na biyu kafinta ne ya yi min mazauni, da katakon MDF. Gaskiya ya yi kyau, kuma sautin ya dawo da jikinsa. A Disamba aka sa, ya ci hunturu ya ci bazara lafiya lau. Kafintan ma ya ce in shafe shi da fenti ko banish kafin a ɗaura, ni ne na ga ɓata lokaci ne tunda ba a waje zai zauna ba. Nan na yi kuskure, don cikin murfin mota waje ne. Ruwan sama yana bin gilashi ya wuce robar bakin taga ya sauka ciki, ya fita ta 'yan hujojin da ke ƙasan murfin. Ledar nan da ake gani manne a bayan rigar murfi, wadda makanikai ke yagewa su yar, don wannan ruwan aka sa ta. MDF kuwa garin katako ne da gam aka matse. Zuwa ƙarshen Agusta ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, sukurorin suka saki, na cire ɗaya da yatsuna ba tare da sukundireba ba.

To, na uku shi ne dalilin wannan rubutu.

Wani matashi ne mai shagon yin allunan talla, yana da injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda suke yanka harufan gaban shaguna da shi. Ba aikin mota yake yi ba, amma wani abokina ya ce ya taɓa yanka masa irin wannan. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Yallaɓai, tsohuwar sifikar tana nan?" Allah ya sa tana but, na ƙi yarwa saboda halina na tara komatsai, wanda maiɗakina ta daɗe tana min tsiya a kai. Ya ɗora ta a teburi ya auna tazarar kunnuwan uku, ya auna tsayin da take tasowa daga ƙarfe, ya auna sabuwar, ya zana a kwamfuta ina tsaye a kansa. Kafin ya taɓa roba sai da ya fara yanka gwaji a siririn filawud, muka fita muka kara a jikin murfin, hujoji uku suka zauna cif. Wannan gwajin kaɗai ya sa na saki jiki da shi.

Mun ɗan ja a kan abin da za a yanka. Shi ya fi son farin allon PVC mai sauƙin nauyi da suke aikin talla da shi, don yana da shi a shago. Ruwa ba ya cin sa, amma cikinsa kamar soso yake, sukuru ba ya kama shi da ƙarfi, ga murfin mota kullum cikin bugu. Akirilik mai kama da gilashi kuwa tsagewa yake in an matsa sukuru. Ya kawo maganar wani abokinsa mai injin buga abubuwa na 3D, na tambaya da wace roba, ya ce PLA. Nan na ce a'a. Wannan robar tana fara laushi ne a wajen digiri 60, mu kuwa a Kano cikin Afrilu zafin inuwa ma yana haura 40, balle baƙin murfin motar da ta wuni a rana a gaban ofis. Da robar ABS ce, wadda sai an kai wajen digiri 100 take saki, da na yarda.

A ƙarshe muka tsaya a kan HDPE, wato robar da ake yin allon yanka nama na manyan otal da ita. Allon yankan ma muka saya a kasuwa, mai kaurin milimita 20, guda ɗaya ya fitar da mazauni biyu har da ragowa. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, zafin mota ba ya narkar da shi, kuma in an fara yi masa ƙaramin huji sukuru yana kama shi gam.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. Yankan farko bai shiga ba. Ya auna faɗin ramin daidai, amma ya manta da 'yan ƙarafan nan biyu da ake jona waya a gefen sifikar, suka tokare bakin zoben, sifikar ta zauna a karkace. Na koma, ya duba, bai yi musu ba, ya ce, "Laifina ne, Yallaɓai, zan fitar masa da kafa." Bai karɓi ko sisi a kai ba. Amma "gobe" ɗinsa ta zama kwana uku, yau babu wuta, gobe janareta ba zai ja injin ba, jibi yana da aikin allon wani ɗan takara. Kwana ukun nan da murfi tsirara na yi ta yawo, duk wanda ya shiga motar sai ya tambaye ni ko haɗari na yi.

Ɗaurawar da kaina na yi ranar Asabar a ƙofar gida, ɗana na riƙe min fitila. A hujojin ribit na sa noti mai milimita 5, da washa gaba da baya, da irin kan notin nan mai roba a ciki da ba ya warwarewa da girgiza. Na yanka siririn soso na shimfiɗa tsakanin ƙarfe da mazauni, na sa wani tsakanin mazauni da sifika. A nan na gano wani halin HDPE: gam ba ya kama shi ko kaɗan. Duk sosan da na manna sai ya zame, dole na riƙe shi da hannu har noti ya danne shi. Wayoyin kuwa riwayan farko ya riga ya yanke soket ɗin motar, babu alamar wacce ce wacce. Sifikar dai na gwada ta da batirin tocila mai bolt 1.5, in fatar ta turo waje to ƙarfen da kan batirin ya taɓa shi ne na jan waya. Na motar kuma sai da na jona na saurara, na juya na sake saurara. In aka juya gefe ɗaya kawai, sifikun biyu faɗa suke yi da juna, kaurin sautin ya ɓace duk da komai yana aiki.

Da na zo mayar da rigar murfin, ta ƙi zama. Kaurin milimita 20 ya raba mayen ƙarfe da gilashi sarai, har da ragowar fili kamar faɗin yatsa, amma ta gaba sifikar ta tokari wani ɗan gezar roba da ke zagaye da ragar rigar ta ciki. Na sa reza na rage shi kaɗan. Maɓallan roba biyu sun karye a wajen cirewa da mayarwa, don haka duk mai niyyar wannan aiki ya sayi 'yan safaya tun kafin ya fara. Ba su da tsada, amma rashinsu ne ke sa murfi kaɗawa a kan hanya, mutum ya ɗora wa sifika laifi.

Na kunna kiɗan kalangu na fara gwadawa da shi, don shi ne abin da kunnena ya sani tun ina yaro. A da, in makaɗi ya matse tsarkiya ya saki, hawan kawai nake ji, saukar ta ɓace. Yanzu ina jin lokacin da sautin ya gangara ƙasa ya yi gurnani, har ina jinsa a gwiwata ta jikin murfi. Muryar mai tafsiri ta sami ƙirji. Ko na ƙure ƙarar a kan titin Zariya babu zirr, babu kwaram. Amma kada wani ya ɗauka motar ta koma ta masu ɗaukar amarya. Sifika mai inci 6.5 tana da iyakarta, rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu kuma ainihin ƙarfin da yake bayarwa a ɗore bai kai rabin haka ba. Mazauni ba ya ƙara wa sifika abin da ba ta da shi, hana ta zubar da wanda take da shi kawai yake yi.

A Maris aka sa, na sake buɗewa a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Robar tana nan yadda aka yanka ta, ƙura ce kawai ta hau, notika ko motsi. Sai dai na ga tsatsa ta fara tsiro a saman mayen ƙarfen sifikar direba, da sawun ruwa a jikin ƙarfenta. Na ɗauko tsohuwar na sake dubawa, sai na lura tana da wata 'yar rumfa ta roba a samanta ta baya, mai kare ta daga ɗigon da ke bin gilashi. Ni da matashin duk mun kalle ta ba mu gan ta ba. Wannan shi ne babban gibin aikin a wurina, kuma da a ce sana'arsa ta mota ce da ya sani. Na yanko guntun tsohon tub na taya na maƙala a ƙarƙashin notin sama, ya lanƙwaso ya rufe bayan sifikar kamar bakin hula, na bar ƙasan a buɗe don iska.

Batun kuɗi, allon da ladan yanka da notika da soso sun tasar wa rabin kuɗin sifikun, ban da man zirga-zirga. Akwai na kanti da kamfanoni irin su Metra da Scosche suke yi da robar ABS don motocin Toyota, kuma ga mai Corolla ko Camry da zai iya samunsu a kusa, ban ga dalilin shan wahalar da na sha ba. Ni ban same su a inda na nema ba, yin oda daga Amurka kuwa kuɗin kawowa ya fi na kayan. Inda mazaunin da aka yanka ya fi na kanti shi ne in motar ba ta gama-gari ba ce, ko sifikar mai zurfin gindi ce da ke buƙatar kauri na musamman, don kai za ka faɗi milimita nawa kake so. In za a sake, zan koma wurin matashin nan, amma da tsohuwar sifika a hannu ɗaya, da rigar murfin a ɗaya hannun, kuma ba zan ɓalle komai ba sai ya kira ni ya ce an gama yanka.

Yayan nawa ya sake shiga motar a watan jiya. Ya saurara har muka wuce Ƙofar Nassarawa bai ce uffan ba, can ya ce in kai shi wurin yaron, tasa ma Honda ta fara shaƙewa. Na ce ya zo da tsohuwar sifikar. Ya ce ai riwaya ya cire ta tun bara, 'yan jari-bola sun tafi da ita.