Fitar kat-kat zuwa Rumsiki: jaka 25 da na biya, da Hilux ɗin Yaya

Da a ce da hantsin ranar Asabar ɗin aka ce in rubuta wannan, da yabo zalla za ku karanta. Sai ga shi azahar ta same ni tsaye tsakiyar mayo, wato rafi, ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya bi ruwa.

'Yan Marwa kun san masu shirya wannan fita ta motoci zuwa Rumsiki, garin duwatsun nan na arewacin Kamaru, ba sai na kama suna ba. Tun 2013 da aka sace Faransawan nan a wajen gandun dajin Waza, Turawa suka ɗauke ƙafa daga yankinmu, direbobin da ke kai su yawo suka juyo kanmu 'yan gida. Kowa ya zo da kat-kat ɗinsa, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, su kuma su ja gaba, su duba motoci, su ciyar da mutane. Jaka 25 (sefa dubu 25) kowace mota, gazuwal naka ne. Ni ba ni da kat-kat, tsohuwar Hilux ɗin Yayana na aro, wadda yake cin kasuwannin ƙauye da ita. Da zai miƙo min makulli cewa ya yi: "Yadda ka ɗauke ta, haka za ka dawo min da ita."

Mota bakwai muka tashi bayan asuba. Daga Marwa zuwa Mokolo, wajen kilomita 80, babu labari sai ramuka da shingen jandarma. A Mokolo aka tsaya "duba motoci". Wani yaro ya zagaya tawa, ya harbi tayoyi da ƙafa, ya rage musu iska daga kilo 2.5 zuwa 1.8, ya leƙa ruwan lagireto, ya ce an gama. Ku riƙe wannan dubawar, za mu dawo kanta.

Daga nan kwalta ta ƙare, daɗi ya fara. Agusta ne, duwatsun Mandara sun yi kore shar, dawa da gero sun tashi a kan matakalan duwatsun da ƙabilun Mafa da Kapsiki ke jerawa don kada ruwa ya kwashe musu ƙasa. Kuma gaskiya jagoran ya san hanya. Inda dutse ya tsaya tsakiyar hanya sai ya sauka ya yi ta nuni da hannu: ɗora taya a kansa, kada ka bar shi ya shiga tsakanin ƙafafun mota ya fasa maka ƙasan inji. Giya ta ɗaya, mota na gurnani, kana hawa kamar hawainiya. Har na ce wa abokina da ke gefena kuɗin nan sun yi araha.

Bayan mun wuce Mogode muka iske mayon. Inda muke ko ɗigo ba a yi ba, amma an zuba ruwa a kan tudu, kuma kun san halin waɗannan rafuka: yanzu yashi ne, an jima ka ga jan ruwa ya sauko da itace. Jagora ya haye, uku suka bi shi. Ya ɗaga murya daga can: "4L (giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu), giya ta biyu, kada ka taka kuloci a cikin ruwa!" Haka na yi, wallahi haka na yi. Ina kaiwa tsakiya mota ta tsaya cak. Na ba ta wuta, bayanta ya yi ta feshin laka yana nutsewa. Na ƙara, warin kuloci ya cika min hanci.

Wani dattijo da ya fito daga gonarsa da fartanya a kafaɗa shi ya gano matsalar. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce min da Fulatanci: "Ɗana, ƙafafun gaban motarka barci suke yi." Tsofaffin Hilux suna da wani ɗan murfi a tsakiyar kowace tayar gaba, sai ka sauko ka murɗa shi da hannu zuwa LOCK kafin ƙarfin inji ya kai ga tayoyin. Nawa duk biyun suna kan FREE. Ashe tun safe da ƙafa biyu nake hawan duwatsun nan, ina ta jan sandar giya ina jin kaina direba. To don Allah wace duba aka yi a Mokolo? Abin da manomi ya hango daga bakin gaɓa, wanda na biya kuɗi don ya duba bai gani ba.

Na murɗa, amma ina, ta riga ta zauna da cikinta. Na ɗaga kai in nemi jagora, sai ƙurarsa. Wai ya wuce da mota huɗun "kada abinci ya huce". Waya kuwa, a wannan wurin da ke gab da iyaka, layin Najeriya ne ke leƙowa ya ɓace. Motar baya da aka ce ita ce ta ceto, abin da ta fito da shi igiyar leda ce irin ta ɗaure buhuna. Ja ɗaya ta tsinke, ƙugiyar ta dawo ta tarwatsa fitilar bayana. Da kan mutum ta samu fa? Babu shebur, babu katako, babu komai.

Samarin ƙauyen ne suka shiga ruwan. Suka haƙe gaban tayoyi da fartanya, aka ɗora jak a kan faffaɗan dutse, aka ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya ana cusa duwatsu a ƙasa. Dattijon ya soka kara a bakin ruwa, duk bayan ɗan lokaci ya je ya duba, ya dawo bai ce komai ba, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake don ina ganin karan yana gajarta. Awa biyu. Da ta fito na ba su jaka 5 daga aljihuna, dattijon ya ƙi karɓar ko dala, ya ce in sayi takalmi.

Da na tare jagoran a Rumsiki, ko a jikinsa. "Haba Alhaji, ai motarka ce, kai ya kamata ka san ta." Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma motar ba tawa ba ce, amma na san akwai gaskiya a maganar, shi ya sa ta fi min ciwo.

Na zauna na kalli dogon dutsen nan da ya miƙe shi kaɗai cikin kwari kamar an kafa taɓarya, rana ta yi sanyi, hazo na tasowa ta ɓangaren Najeriya, sai na ji zuciyata ta sauka. Har na fara cewa to, komai ya wuce. Sai aka kawo abinci. Shinkafa da kajin da aka yi alkawari waɗanda suka riga mu sun gama da su, har sun je sun kalli bokan nan mai duba da ƙaguwa sun dawo. Mu burodi da gwangwanin kifi aka miƙo mana, aka ce mu yi sauri, ba a bin hanyar da dare. Minti 40 na yi a garin da na biya jaka 25 don in gani.

Hanyar kam zan sake bin ta, in sha Allahu, bayan damina, da igiyata da sheburina. Da waɗannan mutane dai a'a. Hilux na gareji yau kwana huɗu, kuloci da fitila duk a wuyana, Yaya kuma in na gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa. Jiya suka zuba hotunan tafiyar a WhatsApp, na ƙirga, mota shida ce a ciki.