Ruwan kurkurar baki na Corsodyl: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ya san wannan santsin da ke manne a cikinta. Ko sau goma aka ɗauraye ta da ruwa ba ya fita, sai an sa soso. Irinsa ne ke taruwa a gindin haƙori: ƙwayoyin bakteriya ne da suka yi wa kansu rufi mai yauƙi suka fake a ciki. Shi ke sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini. Domin shi ake sayen Corsodyl a kemis-kemis na Katsina da Daura, kuma da yawa ba a amfani da shi yadda ya dace.

Sinadarin da ke ciki a kwali an rubuta shi chlorhexidine, kashi 0.2 cikin 100. A 1970 wasu masu bincike biyu, Harald Löe da Rindom Schiøtt, a Denmak, suka nuna cewa kurkure baki da mililita 10 sau biyu a rana yana hana wannan datti taruwa ko da an daina goge baki. Sirrinsa shi ne mannewa. Bayan an tofar, kusan kashi ɗaya cikin uku yana liƙe a haƙori da harshe da cikin kumatu, yana sakin kansa a hankali har wajen awa 12. Ruwan kurkura irin su Listerine ba sa daɗewa haka, shi ya sa har yau da shi ake gwada sauran.

Amma fa sabon datti yake hanawa. Wanda ya riga ya yi kauri, maganin samansa kawai yake taɓawa, na ƙasa suna nan lafiya lau. Wanda kuma ya daskare ya zama kamar dutse a bayan haƙoran gaba na ƙasa, ko kwalba nawa aka ƙarar ba zai motsa ba. Wannan sai wankin haƙori a wajen likita, kamar a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Saboda haka buroshi ko asuwaki, na bedi ne ko na wani icen, shi ne soson, shi ke fara aiki.

Yadda ake yi: a cika murfin har layin mililita 10, kada a sirka da ruwa, a wujijjiga shi a baki ana tura shi ta tsakanin haƙora minti ɗaya cur, da agogo, sannan a tofar. Kada a bi shi da ruwa, kada a ci ko a sha komai har rabin awa. Sau biyu a rana, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i. Da wannan awo kwalba mai mililita 300 tana yin kwana 15.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a goge baki da makilin a zarce da kurkura nan take. Yawancin man goge baki yana ɗauke da sinadarin kumfa da ke kashe kaifin wannan magani, kuɗi ya tafi a banza. A bar tazarar minti 30 tsakani, ko aƙalla a ɗauraye baki da ruwa sosai kafin a kurkura.

Aibinsa babba shi ne rini. Cikin 'yan kwanaki haƙora da bayan harshe suna iya yin ruwan ƙasa-ƙasa, domin maganin da ya manne yana kama launin abin da aka ci aka sha. Mai shan shayi kofi uku a teburin mai shayi, ko mai cin goro, zai ga haka da wuri. Na harshe yana gushewa in an daina, na haƙori wani lokaci sai likita ya goge. Yana da ɗaci, yana kuma dusashe ɗanɗano na wasu awanni, musamman na gishiri, har mutum ya ɗauka miya ce ta yi lami. In leɓe ko fuska suka kumbura, ko ƙuraje suka feso, a daina nan take a je asibiti.

Inda ya cancanci kuɗinsa shi ne lokacin da buroshi ba ya iya shiga: bayan an cire haƙori ko an yi aiki a dasashi, ko baki ya yi gyambo, ko majinyacin da ba ya iya goge bakinsa. Bayan cire haƙori a jira awa 24 kafin a fara, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa a mafi yawan lokuta, kada ya wuce wata ɗaya sai da izinin likita. Ba na kullum ba ne, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba sai likita ya ce.

Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Akwai nau'in da aka haɗa da ɗan barasa, akwai wanda babu, an rubuta a jikin kwalbar. Marar barasan ya fi sauƙi ga bakin da ke da ciwo.