Wasiƙa Daga Ingila Kan Allurar Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara, na ga saƙonki inda kike tambaya ko a nan Ingila ma ana yi wa 'yan mata allurar nan ta rigakafin HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ko kuwa mu 'yan Najeriya kaɗai aka ware da ita kamar yadda ake ta yaɗawa. Na ga ya fi dacewa in zauna in ba ki amsa a tsanake, domin watanni biyu da suka wuce aka yi wa babbar 'yata, kuma ni kaina sai da na yi kwanaki ina jujjuya maganar a raina kafin in amince.

Ana yi, har ma sun riga mu farawa da shekara 15. Tun watan Satumbar 2008 suke yi wa 'yan mata masu shekara 12 zuwa 13, daga 2019 kuma suka haɗa da yara maza, saboda ƙwayar cutar tana haddasa sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta al'aurar namiji, ban da cewa namiji yana iya ɗauke da ita ya kai wa matarsa ba tare da ya taɓa ganin wata alama a jikinsa ba. A Najeriya, kamar yadda kika sani, sai a watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da ita ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, aka faɗaɗa zuwa sauran jihohi a watan Mayun 2024. Can da nan duk kyauta ce, kuma duk sau ɗaya ake yin allurar, tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa guda ɗaya tana ba da kariya mai ƙarfi. A cikin yara, masu raunin garkuwar jiki ne kawai ake ƙara wa. Ta nan ana kiranta Gardasil 9, tana kare nau'i tara na ƙwayar cutar, wadda aka fara da ita a gida kuma tana kare huɗu, amma kamfani ɗaya ne ya yi su, kuma dukkansu sun ƙunshi nau'i na 16 da na 18, waɗanda su ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa.

Ga yadda tamu ta kasance. Makaranta ta turo mini takardar neman izini ta waya, tare da bayani da lambar ma'aikatan jinya. Baban yara ya karanta ya yi shiru, daga baya ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ina ruwan yarinya mai shekara 12 da cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa? Na kira lambar, wata ma'aikaciyar jinya ta saurare ni har na gama, sannan ta bayyana mini cewa allurar ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, hana kamuwa take yi, don haka ake so a yi ta tun yarinya ba ta san komai ba, kuma a wannan shekarun ne jiki ya fi karɓarta da kyau. Da na mayar masa da wannan bayani, ni ma na ƙara da nawa: mace tana iya tsare mutuncinta har ta shiga ɗakin mijinta, ta kuma ɗauki cutar a can, domin ba ta da iko da abin da ya wuce a rayuwar wanda ta aura. A nan ya sauko. Ranar allurar an tara su a babban zauren makaranta, aka yi mata a dantse, aka zaunar da su na ɗan lokaci don a ga ko wata za ta ji jiri. Ta dawo tana ƙorafin hannun ya yi mata tsami, kwana biyu ya sake ta.

Akwai abu ɗaya a tsarinsu da bai kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye miki ba: dokarsu ta yarda yaron da bai kai shekara 16 ba ya ba da izini da kansa idan ma'aikatan suka gamsu cewa ya fahimci abin da za a yi masa. Na fi son a ce maganar tana hannun iyaye.

Batun hana haihuwa da kika ambata, na san daga inda tsoron ya samo asali, domin duk mun ga abin da ya faru da allurar shan inna a 2003. Sai dai 'yan matan da aka fara yi wa a nan a 2008 yanzu sun haura shekara 28, da yawansu suna goye da 'ya'yansu, kuma binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bai nuna allurar tana taɓa haihuwa ba. Abin da aka gani shi ne raguwar cutar. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a Ingila sankarar bakin mahaifa ta ragu da kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka ba allurar suna shekara 12 zuwa 13, da kashi 62 ga 'yan 14 zuwa 16, da kashi 34 kacal ga 'yan 16 zuwa 18. Waɗannan alƙaluma ne suka sa ban yarda da shawarar da aka ba ki ta a jira sai an kusa aurar da yarinya ba, tunda ga shi a fili kowane jinkiri yana rage amfanin.

Babban bambancin da na gani tsakaninmu da su yana wajen abin da ke biyo bayan allurar. A nan, kowace mace daga shekara 25 zuwa 64 ana aiko mata da wasiƙar gayyata zuwa gwajin bakin mahaifa, ko an yi mata allurar ko ba a yi ba, ta yadda ake gano matsalar tun ba ta zama sankara ba. Wadda kuma ta rasa allurar a makaranta tana iya zuwa wajen likitanta a yi mata kyauta har ta cika 25. Mu a gida babu mai aiko wa mace takarda, sai jini ya ɓalle ake tafiya asibiti. Kin tuna yadda Inna, Allah ya jiƙanta, ta shafe watanni tana zaton al'ada ce ta dawo mata bayan ta daɗe da ɗaukewa, da aka je kuma aka ce abin ya yi nisa. A 2020 kaɗai an ƙiyasta mata 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Saboda haka 'yar da ke gida ta fi 'yar da ke nan buƙatar wannan allura, domin idan ta kuɓuce mata, da wuya a samu wani mataki a gaba da zai tare cutar.

Ƙaramar taki ta cika tara a bana, babbar kuma tana 13. Ina roƙonki ki zauna da maigidan ku tattauna, sannan ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ki tambayi ranar da suke yi, ki tabbatar an rubuta musu a kati kin adana shi. Ke ma, Yaya, ki tambaye su inda ake gwajin bakin mahaifa, ki sanar da ni abin da suka ce.