Na bot za ka ɗauka, ba naka na kanka ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambayi wane token, wato makullin sirri da manhaja ke shiga da shi, za ka ɗauka wajen haɗa manhajar odarku da Slack, dandalin hirar ma'aikata: na bot, asusun da ke tura saƙo da kansa, ko naka na kanka? Ɗauki na bot, mai farawa da xoxb-, ka huta.

Shekara biyu ke nan da na kafa namu. Na shiga api.slack.com/apps na ƙirƙiri manhajar, na ba ta izini ɗaya tal, chat:write, wato na tura saƙo. Ranar farko na sha fama. Duk saƙon da na tura sai ya dawo mini da not_in_channel, na kusa awa ɗaya ina zargin abin da na rubuta. Ashe ban gayyaci bot ɗin zauren hirar ba ne! Ina buga /invite da sunansa na sake turawa, kafin in ajiye kofin shayi sai ga saƙo ya faɗo: "Sabuwar oda, atamfa turmi biyu, Zariya." Yaran ofis suka laƙaba masa Ɗan Aike. Mutum uku sun bar aiki tun lokacin, har da wanda ya taya ni kafa shi, amma Ɗan Aike ko gezau, domin makullinsa ba a wuyan kowa yake rataye ba.

Na mutum kuwa, mai xoxp-, to, yana aiki. Da shi muka fara kafin Ɗan Aike, na wani abokin aiki. Ran da aka rufe asusunsa sanarwa ta ɗauke ɗif, sai da kwastoma ta kira tana faɗa muka farga.

Sai ka yi hattara da masu tallan bot mai arha, ko masu cewa "turo token in haɗa maka". Wanda ka miƙa wa xoxp- da sunanka zai yi magana. Kafin ka danna amincewa, karanta izinin da suke nema. Mai aikin sanarwa kawai me ya haɗa shi da im:history? In da sunanka ya nemi wannan izini, hirarka ta sirri yake so ya karanta.

Kada token ya bi ta WhatsApp, kada ya hau GitHub, shafin da ake ɗora rubutun manhaja. Ajiye shi a fayil ɗin .env, inda ake adana sirrin manhaja, in ya fita kuma ka soke shi nan take. Akwai tsarin da ke sabunta shi duk awa 12, amma bar shi tukuna, in ka kunna ba ya kashuwa.